Jakunkunan iska shida ko ESC: wacce ƙaramar mota za ka ɗauka?

Malam, ka ce ƙananan motoci biyu ne a gabanka. Ta farko tana da jakunkunan iska (airbag) shida da ƙararrawar ɓarawo, amma ba ta da ESC, wato na'urar da ke hana mota zamewa ta ƙwace wa direba. Ta biyu jakunkunanta biyu ne kacal na gaba, sai dai tana da ESC da makulli mai lambar sirri. Dukansu suna da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki. Da ni ne, ta biyu zan ɗauka.

Jakar iska ba ta motsi sai an riga an yi karo. ESC kuwa aikinta shi ne kada a kai ga karon. Tana lura da inda ka murza sitiyari da kuma inda motar ta nufa. Da zarar sun saɓa, kamar a kwana mai santsi ko lokacin da ka kauce wa wani abu ba shiri, sai ta kama birkin taya ɗaya ko fiye, kowace daban, ta rage wa inji ƙarfi, motar ta dawo kan layinta. Ba direban da zai iya haka komai ƙwarewarsa, domin shi birki ɗaya yake takawa na tayoyi huɗu. Kada ka ɗauka ABS ta wadatar. Ita tana hana tayoyi kullewa ne idan ka taka birki da ƙarfi, don ka ci gaba da juya sitiyari. Ba ta dawo da motar da bayanta ya riga ya zame.

Ƙaramar mota ce ma ta fito da darajar wannan na'ura. A 1997 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin ta gwada sabuwar Mercedes A-Class a gwajin kauce wa dabba a hanya, motar ta kife. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya gyara ta, ya sa mata ESC, abin da kafin nan sai a manyan motocinsa ake gani. Daga baya Amurka ta wajabta na'urar a motocin 2012 zuwa sama, Tarayyar Turai kuma ta wajabta ta a kan duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014.

Amma ba zan tauye wa ta farko haƙƙinta ba. Gaban mota yana da wurin da zai lotse ya shanye ƙarfin karo. Gefe ba shi da wannan, balle a ƙaramar mota, inda tsakanin ƙofa da haƙarƙarinka bai wuce 'yar tazara ba. Jakunkunan gefe da na saman taga su ne ke kare ƙirji da kai, kuma idan wani ya buge ka ta gefe a mahaɗar hanya, ESC ba ta da abin da za ta yi maka. Saboda haka in tuƙinka duk na cikin gari ne a hankali, ta farko ba abin rainawa ba ce. In kana hawa babbar hanya, ko kana tuƙi cikin ruwan sama, ta biyu ta fi.

Wannan duka in an ɗaura bel ne. An ƙera jakar iska ne don wanda ya ɗaura, wanda bai ɗaura ba tana iya ji masa ciwo. Don Allah kuma kada a sa kujerar jariri mai kallon baya a gaba muddin jakar wurin tana aiki.

Maganar sata ba ta da tsawo. Ƙararrawa ihu kawai take yi, mutane kuma sun saba jin ta. Makulli mai lambar sirri hana inji tashi yake yi sai an kawo ainihin makullin motar. Nan ma ta biyu ce a gaba.

Kafin ka biya, kunna kowacce ka dubi allon gaban direba. Fitilun jakar iska da ABS, da na ESC a wadda ke da ita, su kama su mutu bayan 'yan daƙiƙu. Wadda ta ƙi mutuwa akwai matsala, wadda ba ta kama ba sam wataƙila an taɓa ta ne. Sannan ka nemi sakamakon gwajin karo na Euro NCAP ko Global NCAP, ƙungiyoyin da ke gwada ƙarfin motoci a karo, na ainihin shekarar motar da ƙasar da aka ƙera ta dominta, domin mota mai suna ɗaya tana iya fitowa da bodi mai ƙarfi a wata kasuwa, mai rauni a wata.