Gargaɗi kan mai tallan ƙarafan buɗe lofe a Facebook: ya cuce ni a Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar hannu na Garwa, Marwa, Ngaundere har Kuseri. Ni mai gyaran agogo da tabarau ne a kusa da babbar kasuwar Garwa, kuma shekaru da dama dattawa masu shan lofe suna kawo mini nasu in ya toshe. Ni ba na shan taba, ba na kuma kwaɗaita wa kowa ita, amma amanar da aka ajiye a hannuna dole in kula da ita.

Akwai wani mutum da ke baza hotuna a Facebook da zaurukan WhatsApp, wai yana sayar da akwatin ƙarafan faɗaɗa kafar iskar lofe, 'yan asalin Faransa. Har sunan Sen Kulod yake kamawa, garin nan da ya yi suna a duniya wajen sassaƙa lofe, don ya nuna shi ɗan gari ne a harkar. Ya ce kayan suna Duwala. Na tura masa jaka 25 ta waya. Bayan kwana huɗu ya kira, wai 'yan duwan, wato kwastam, sun riƙe kaya, sai an ƙara jaka 10. Kayan da aka ce sun riga sun shigo ƙasa, wane duwan kuma? Na yi masa wannan tambayar, ya dinga rantsuwa yana kirana Malam, na tura.

Da bai aiko komai ba ma da ya fi mini sauƙi. Kwali ya iso ta motar haya, da ƙarafa shida masu walƙiya da ɗan mariƙi.

Lokacin akwai lofen wani dattijo a wurina, tsohon ma'aikacin kamfanin auduga na Sodecoton, wanda muke kira Baba. Lofe ne na icen nan mai tauri da ke fitowa a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, ya fi shekara 30 a hannunsa. Ya ce yana ja da ƙyar, yana kuma tara ruwa. Ga wanda bai sani ba, kafar iskar lofe ba ta cika wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kuma in za a buɗe ta, da hannu ake murza ƙarfen a hankali, ana hawa daga ƙarami zuwa wanda ya ɗan fi shi. Ba a sa inji. Na sa wanda aka rubuta wa 3.5, murzawa uku ya lanƙwashe, ya karye a can ciki. Garin ciro guntun, wuyan lofen ya tsage.

Da Baba ya zo na nuna masa, ya juya shi a hannu ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Ba komai ɗana, ƙaddara ce." Wallahi da ya zage ni da ya fi.

Daga baya na kai sauran wajen wani maƙeri abokina. Ya goga musu magagari, sai ga shi yana cin su kamar sabulu. Ya ce ƙarfen huji na gaske an gasa shi ya yi tauri, magagari zamewa yake yi a kansa. Waɗannan ƙusa ce kawai aka murɗe aka shafa wa ruwan walƙiya. Muka auna, wanda aka rubuta wa 4 ya kusa milimita 5. Da na sa shi a baƙin bututun da ake sawa a baki, inda ya sirance wajen haƙora, da ya fasa shi nan take. Wannan wurin ma ƙarfe mai tsinin kai yake so da siririn magagari, kuma babu ko ɗaya a kwalin.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙarafan huji na ƙwarai masu 3.5 da 4 suna nan a shagunan kayan gini na cikin gari, mutum ya riƙe ya gwada kafin ya biya.

Na kira shi ya fi sau goma, ya toshe lambata. Shekaranjiya wani ɗan uwa a Marwa ya turo mini tallan, hotunan nan dai ne, akwatin katako a kan jan ƙyalle, amma suna ya canza, lamba ta canza, kayan kuma yanzu wai suna Njamena. In kun ci karo da shi kada ku tura ko dala. Wanda ya riga ya tura, ya adana saƙon kuɗin da muryoyin da ya aiko masa. Na kai ƙara wajen jandarma, kuma in muka taru da shaidunmu maganar za ta fi nauyi. Ku yi mini magana a nan, ku kuma tura wa masu gyara na garuruwanku.

Lofen Baba yana nan a aljihun teburina. Ina neman wanda ya iya sa zoben ƙarfe a wuyan da ya tsage, ko a Ngaundere yake zan kai masa.