Sharhi kan gwajin ƙwayoyin halitta a ruwan ƙirji

Duk wanda za a zuƙe wa majinyacinsa ruwa a ƙirji, ya tambayi likita tun da wuri ko za a adana ruwan don gwajin ƙwayoyin halitta idan aka gano kansa ce. Mu dai ya yi mana rana, sai dai aljihu ya ji jiki.

Innarmu ba ta taɓa shan taba ba, shi ya sa da numfashinta ya fara sarƙewa kowa ya ce tarin fuka ne. Aka yi GeneXpert, wato gwajin tarin fuka, bai nuna komai ba. Ranar zuƙar ruwan an zaunar da ita a bakin gado ta kifa hannuwa kan matashi, likita ya soka allura ta bayanta tsakanin haƙarƙari. Ruwa ya cika gora, ja-ja kamar na wankin nama. Tana miƙewa ta ce, "Kai, yau na shaƙi iska."

Da aka duba ruwan da madubin likita sai ga ƙwayoyin kansar huhu. Mun yi sa'a, don wannan duban yakan kama cutar ne a wajen kashi 60 cikin 100 kawai. Daga ruwan nan aka tattara ƙwayoyin, aka daskarar da su cikin kakin farafin irin na ɗakin gwaji, aka aika waje a nemo sauyin EGFR ko ALK, wato ƙwayoyin halittar da sauyinsu ke nuna maganin da zai dace. Abin da ya fi burge ni ke nan: ba a sake huda tsohuwa don yanko tsokar huhu ba.

Sakamako ya nuna EGFR. Maimakon ƙarin ruwan kemo, aka ɗora ta kan gefitinib, ƙwaya ɗaya kullum. An ce osimertinib ya fi shi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Ƙuraje sun feso mata a fuska, ga gudawa jefi-jefi, amma tana zuwa banɗaki da ƙafarta. Likita bai ɓoye mana ba: kansar da ta kai ga ruwan ƙirji ta yi nisa, maganin danne ta yake yi.

Inda na rage wa ɗakin gwajin maki shi ne jira. Makonni muna kiran wakilin ɗakin gwajin, yau ya ɗauka gobe ya ƙi. Takardar kuma ta zo da Turancin da ko ni mai boko sai da likita ya warware mini. Kafin ka biya, a faɗa maka a rubuce wa zai ɗauki nauyin maimaitawa idan ƙwayoyin da ke cikin ruwan suka yi kaɗan, domin hakan na faruwa.