Canon 6D ta hannu da taurarin Kaduna: abin da na gani bayan na yi amfani da ita

Duk wanda ya tambaye ni kyamarar da zai saya don ɗaukar hoton taurari, amsata ɗaya ce: ya nemi tsohuwa mai babbar sensa, wato farantin da ke cikin kyamara mai karɓar haske, ragowar kuɗin ya zuba a gilashi mai kyau da ƙafa-uku mai ƙarfi. Ni Canon EOS 6D na saya, ta hannu, tare da gilashin Samyang 14mm f/2.8, kuma na sha amfani da su a saman benen gidanmu da ke gefen gari, da kuma ƙauyen su mahaifiyata idan na je.

Kyamarar ta fito tun 2012, megafiksel ɗinta 20 ne da ɗoriya. Mai shagon ya yi ta nuna mini wata sabuwa mai 24, yana cewa, "Yallaɓai, wannan ta fi ta lamba, ga ta dal a kwali." Ya faɗi gaskiya ta fuskar lamba, amma da dare ba lamba ake nema ba, haske ake nema. Sensar 6D faɗinta ya kusa milimita 36, tsayinta 24, wato ta ninka ta ƙananan kyamarorin Canon kusan sau biyu da rabi a fili. Kamar tarbar ruwan sama ne, mai baho ba zai zama ɗaya da mai kwanon sha ba. Shi ya sa nake ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙarfafa hasken da ta samu, zuwa 3200 hankalina kwance. Yashi-yashi yana fitowa a hoton, amma mai laushi ne, yana gyaruwa a kwamfuta ba tare da taurarin sun narke ba.

Gilashin kuwa, wallahi shi ne rabin aikin. Wanda ake haɗo ƙananan kyamarori da shi, 18-55mm, iyakar buɗewarsa f/3.5, shi kuma Samyang yana kaiwa f/2.8 (ƙaramar lamba ce ke nuna babbar buɗewa), hasken da yake shigarwa ya fi na wancan da fiye da rabi. Ba ya saita kansa, da hannu ake murza shi, kuma wannan bai dame ni ba tunda a duhu babu kyamarar da nake sakar wa saiti. Sai in kunna allon baya, in nemo tauraro mafi haske, in zuƙo shi sau 10, in riƙa murzawa a hankali har ya tashi daga dunƙulen haske ya koma ɗan ɗigo kamar tsinin allura. Daga nan in manna salatif a jikin zoben don kada hannu ya goce da shi.

Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka in ka bar idon kyamara a buɗe ya daɗe, taurarin za su ja wutsiya. Masu wannan harka suna raba 500 da tsawon gilashi, wanda a 14mm zai ba ka daƙiƙa 35. Ni dai a 20 nake tsayawa, don in na buɗe hoton a babban allo a 35 ina ganin jan. A RAW nake ɗauka, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ko gyara ba, hotuna da yawa a jere ba tare da na motsa komai ba, sannan in haɗe su da manhajar Sequator, wadda kyauta ce a Windows. Haɗewar tana share yashin sosai.

Wani dare a ƙauye na juya ta wajen Kaza da 'Ya'yanta, na sa gilashin 50mm da na aro. Kawuna yana zaune a tabarma, ya ce tun yana yaro shida yake iya ƙirgawa, wani lokaci bakwai. Na miƙa masa kyamarar. Ya matso da allon kusa da fuskarsa, ya sa yatsa yana bi, ya wuce talatin bai gama ba, sai ya ɗago ya ce, "Allahu Akbar, ashe haka kazar nan take da zuri'a?" Ya kira yaran gidan ɗaya bayan ɗaya suka leƙa. A daren na san kuɗina ba su tafi a banza ba.

Sai dai komai kyawun kyamara, sararin Kaduna yana da nasa sharaɗi, kuma wannan ne ya fi cin lokacina. Tsakiyar wannan farin zanen taurari da ya ratsa sama, wanda Turawa ke kira Milky Way, ya fi fitowa da farkon dare daga Yuni zuwa Satumba, daidai lokacin da hadari ya rufe mana sama. Da hunturu babu gajimare amma ga hazo, ƙura tana kama fitilun gari ta mayar da sama jaja-jaja. Daren da ya fi mini shi ne wanda aka tafka ruwa da la'asar sama ta washe, ko kuma ƙarshen damina kafin hazo ya sauko. Sannan a duba kwanan wata na Musulunci: daga 27 zuwa 3 ga sabon wata duhu ya fi, a farin wata kuwa gara ka ɗauki watan kansa. A cikin gari, in an ɗauke wuta a unguwa sama tana ƙara baƙi, ina amfani da wannan damar. Shiga daji da dare don neman duhu ba na ba kowa shawararsa a halin da ake ciki, a tsaya inda aka san mutum.

Akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani. Allon 6D ba ya juyawa, in kyamara ta kalli sama sai ka durƙusa kafin ka ga abin da kake yi. 6D Mark II ta 2017 ce aka yi wa allo mai lanƙwasuwa. 6D ɗin tana da GPS da Wi-Fi, a kashe su don suna shan batir, kuma a tafi da batir na biyu. Jan hasken da ke cikin gajimaren gas na sararin samaniya ba ya fitowa sosai, saboda akwai matata a gaban sensa da ke tare yawancinsa. Don haka ne aka ƙera irin su Nikon D810A da Canon EOS Ra, amma mai farawa bai kai nan ba tukuna.

Tunda ta hannu ce, kada ka biya kafin a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. An ƙiyasta shatarta, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a kowane hoto, za ta iya ɗaukar hoto 100,000. Ka ɗauki hoton farar takarda a f/16 ka duba ko ƙura ta zauna a sensa, ka haska gilashin da tocilar waya ka ga ko danshi ya yi masa saƙa a ciki. Da hunturu kada ka canja gilashi a fili, shiga ɗaki ko mota.

Wanda yake da ƙaramar kyamara a gida, ko Canon ko Nikon, kada ya yi gaggawar sayar da ita, ya fara sayen gilashi mai faɗi da ƙafa-uku ya gwada. Wanda kuma zai fara daga tushe, 6D ta ishe shi shekaru. Ni yanzu kuɗin da nake tarawa na ƙaramar na'urar nan ce mai juya kyamara tana bin taurari, don in iya barin idonta a buɗe minti biyu ko uku.