Na'urar ƙirga baƙin shafi: wacce ta dace da mai shafi a Yamai?

Mai shago a kasuwar Katako ta Yamai yana ganin wanda ya shigo, ya taya kaya, ya fita bai saya ba. Mai shafin intanet bai ga kowa, sai ya ɗora manhajar ƙirga. Kafin ka zaɓa, tuna da waɗanda ke shigowa shafinka: galibi da salula suke zuwa, kuɗin intanet ɗinsu a ƙirge yake, kuma yawanci wani ne ya turo masu adireshin ta WhatsApp.

Google Analytics 4 kyauta ce, ita ta gaji tsohuwar da ta daina karɓar bayanai ran 1 ga Yulin 2023. Za a ba ka lamba mai farawa da G, ka liƙa ta a kan kowane shafi. Tana nuna inda baƙo ya fito, irin wayarsa, da abin da ya latsa. Tana ɗaukar ziyara a matsayin mai amfani in baƙo ya wuce daƙiƙa 10, ko ya buɗe shafi biyu, ko ya yi abin da ka ware a matsayin muhimmi. Matsalarta uku ce. Rubutunta da ake liƙawa a shafi yana da nauyi, ya haura kilobait 100, kuma a layin da ke jan ƙafa wasu na fita kafin ya gama sauka, don haka ba a ƙirga su. Rahoto na iya ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya cika. Na ukun shi ke cin mutane: bayanan bincike mai zurfi wata 2 kawai take ajiyewa, sai ka shiga saiti ka mayar da su wata 14. Yi wannan ran farko, don abin da ya goge ba ya dawowa.

Plausible ta kuɗi ce, ƙaramin tsarinta kusan dala 9 a wata (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba), wato jika biyar da wani abu, kuma ta intanet ake biya, da katin banki ko PayPal. A duba farashin ranar kafin a biya. Rubutunta kilobait kaɗan ne, kuma duk rahoton a fuska ɗaya yake. Wanda ba ya son biya, Cloudflare na da mai ƙirga maras nauyi kyauta, sai dai bayaninta bai da zurfi.

Matomo, wadda sunanta Piwik kafin 2018, a kan sabarka (kwamfutar da ke ɗauke da shafinka) kake ɗora ta, bayanan na hannunka. Tana buƙatar sabar ta kasance da manhajojin PHP da MySQL ko MariaDB. Ta dace da ƙungiya, makaranta ko asibiti, musamman da yake Nijar na da dokar kare bayanan mutane da hukumar HAPDP mai lura da ita. Amma kyautar tana da wutsiya. In baƙi suka yi yawa ba ka saita mata aikin tattara rahoto kowace awa ba, duk buɗewa sai ta tsaya lissafi, ta danne sabar, shafin kansa ya yi sanyi. In ba ka da mai kula da sabar, bar ta.

AWStats da kamfanonin masaukin shafi da yawa ke haɗawa da hidimarsu tana karanta rajistar sabar ne. Kada adadin buƙatun da take nunawa, wato kowane fayil da aka nema daga sabar, ya ruɗe ka: shafi ɗaya mai hoto 20 buƙata ce sama da 20, ga kuma injinan da ke yawo suna shigar burtu kamar mutane.

Akwai biyu da ake haɗawa da kowace. Google Search Console na nuna kalmomin da aka rubuta har aka ga shafinka, na tsawon wata 16. A nan ne mai sayar da albasar Galmi zai gane ko da Faransanci ake nemansa ko da Hausa, ya gyara kanun shafi. Microsoft Clarity kuwa, kyauta, tana nuna inda yatsa ke dannawa. In ka ga ana ta dukan hoto ba ya buɗewa, mutane sun ɗauka maɓalli ne, sai ka mayar da shi maɓallin.

Duk wadda ka ɗauka, WhatsApp zai ɓata maka lissafi. Mafi yawan masu zuwa daga can suna faɗawa rukunin waɗanda suka shigo kai tsaye, kamar da hannu suka rubuta adireshin. Maganin shi ne ka ƙara wa adireshin alama kafin ka tura, misali ?utm_source=whatsapp&utm_medium=zaure, ka sa wata daban ga Facebook. Kuma ka sa a ƙirga danna maɓallin WhatsApp da na kira, don a nan ciniki yake ƙarewa, ba kan shafin ba. Taswirar garuruwa ma kada ka gina talla a kanta: lambar intanet (IP) ta layin salula sau da yawa tana nuna Yamai alhali mutumin yana Tawa ko Ƙonni. Cire ziyararka da ta ma'aikatanka, in ba haka ba a ƙaramin shafi ku ne za ku cika rahoton.

Ƙaramin shago ko shafin labarai ya fara da Search Console da mai ƙirga maras nauyi ɗaya. Mai biyan tallar Google ya ɗauki Analytics, don suna haɗuwa. Kada a jibga uku ko huɗu lokaci ɗaya, kowace nauyi take ƙarawa, kuma lambobinsu ba za su taɓa daidaituwa ba tunda kowace da yadda take ƙirga baƙo. Bari a tara bayanan sati huɗu, ka nemi shafin da aka fi shiga kuma aka fi gudu daga gare shi, ka rage girman hotunansa ko ka ɗaga farashi da lambar waya sama, canji ɗaya kawai, sannan ka sake gwadawa bayan wasu sati huɗun.