Hanyar cikin gari ko ta kurmi: wacce mai fara tattaki zai bi?

Yaya, ka ce likita ya umarce ka da ka riƙa tattaki, kana kuma ruwan ido tsakanin shimfiɗaɗɗiyar hanyar ƙafa ta cikin gari da wadda ke ratsa kurmi. A ganina ta gari ce ta kullum, kurmi kuwa na ranar hutu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Ba ka cika wannan sai da hanyar da za ka fita ka taka ba tare da dogon shiri ba. Ta gari shafaffiya ce, ba taɓo, akwai fitilu, ga mutane kusa idan jiri ya ɗebe ka. Mai sanda da mai keken guragu ma suna bin ta.

Sai dai ka duba inda ta bi. A 2017 mujallar Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Landan, inda 'yan shekara 60 zuwa sama suka yi tattakin awa biyu a titin Oxford mai cunkoson motoci, da kuma a lambun Hyde Park. A lambun, huhunsu ya ƙara buɗewa, jijiyoyin jini suka saki. A titin kuwa hayaƙi ya cinye yawancin wannan ribar. Don Allah kada ka zaɓi wadda ke manne da babban titi.

Kurmi ya fi wahalar da jiki, kuma nan amfaninsa yake. Saiwoyi, duwatsu da kwazazzabai suna sa idon sawu da ƙugu aiki a kowane taku. Masu bincike a Jami'ar Michigan sun gano a 2013 cewa gargadar da ba ta wuce santimita 2.5 ba tana ƙara ƙarfin da mai tafiya ke kashewa da kashi 28 cikin 100. Ga inuwa, ga shiru, hankali yana kwanciya irin yadda ba ya yi a gefen kwalta. Wannan shi ya fi ja na zuwa can.

Amma gargadar nan ita ce ke kawo targaɗe, kuma gangarowa ta fi hawa matse gwiwa. Akwai kaska da macizai, waya kan rasa sabis, nisa kuma yana ruɗi. Don kimanta lokacin da tafiya za ta ci, masu hawan dutse suna aiki da lissafin da wani mahayin dutse, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Mai farawa ya ƙara a kan haka.

Idan ƙafarka ta saba da tafiyar minti 30 a gari ba haki, sai ka gwada gajeriyar hanyar kurmi mai alamomi. Sa takalmi mai riƙe ƙasa da dogon wando, ɗauki ruwa, ka tafi da abokin tafiya, ka kuma gaya wa na gida lokacin da za ka dawo.