Asibitin ƙashi a Amurka: akwai kayan aiki, sai dai a saurare ka

Tun da gwiwar Baba ta matsa masa 'yan uwa ke kirana, wai a kawo shi Amurka a sauya masa ita. To bari in faɗi abin da na gani a New York, kowa ya ji.

Batun kayan aiki babu gardama. A Kano wanda ya karye ko ya nufi mai ɗori, ko ya bi layin Asibitin Ƙashi na Dala da kuɗinsa a hannu. Nan kuwa kafin ka gyara zama hoton ƙashinka ya bayyana a kwamfutar likita, sauya gwiwa ko ƙugu kuma aikin yau da kullum ne, wasu ma ranar suke komawa gida. Kuɗin ne dai dubban daloli, in babu inshora kada ka soma. Masu Medicaid, inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi, sau da yawa ofishin likitan ƙashi kan ce musu ba ya karɓa.

Abin da ba a ba mu labari a gida shi ne, ko da inshorar a aljihunka, baƙar fata na shiga ɗakin likita tare da kai. Na raka wani dattijo ɗan zango daga Kumasi, direban tasi, gwiwarsa ta kumbura har ba ya iya sujada sai a kan kujera. Likita ya tambaye shi zafin ya kai nawa cikin goma, idonsa na kan kwamfuta. Dattijo ya yi irin tamu, ya ce da sauƙi. Ko taɓa gwiwar ba a yi da kyau ba, aka ce ya rage ƙiba ya sayi maganin ciwon jiki a kanti. Dauriyar da ake yabon namiji da ita a gida, nan cutarsa take yi, domin dama can ba a cika yarda baƙi na jin zafi kamar kowa ba.

Ba zargi nake ba, su da kansu sun auna. A 2016 masu bincike a Jami'ar Virginia sun gano kusan rabin fararen ɗaliban likitanci da sababbin likitocin da suka tambaya sun yarda da aƙalla ƙarya ɗaya game da jikin baƙar fata, irin cewa fatarmu ta fi kauri. Wani binciken da aka buga a 2000 kan wani asibiti a Atlanta ya nuna cikin waɗanda suka zo da karaya, kashi 74 cikin ɗari na farare sun sami maganin kashe zafi, baƙaƙe kashi 57. Sauya gwiwa ma, tsofaffin baƙaƙe maza sun fi ƙarancin samu, alhali su da farare duk inshora ɗaya suke riƙe da ita, wato Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi. Masu sikila, waɗanda ciwon kan cinye musu kan ƙashin ƙugu, su ne abin tausayi: mutum na murƙususu ana masa kallon mai neman ƙwaya.

Baƙaƙen likitocin ƙashi kuma ba su wuce kusan biyu cikin ɗari ba.

Dattijon nan sai da 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta koma da shi ta tsaya kai da fata, ta ce a rubuta a fayil cewa sun nemi hoton MRI an hana, sannan aka tura shi. Don haka in Baba zai zo, a fara lissafin kuɗi tukuna, kuma ni zan shiga ɗakin likita da shi.