Ɗan Majalisa Ya Sauya Sheƙa: Kakaki Ne Zai Tsige Shi Ko Kotu?

Duk lokacin da guguwar sauya sheƙa ta taso, sai mutane su yi ta tambayata: wa ya fi dacewa ya ƙwace kujerar, kakakin majalisa ko kotu?

Ta fuskar sauri da sauƙin kuɗi, kakaki ya yi gaba, a zama ɗaya zai iya gama magana. Indiya ta damƙa masa wannan iko tun 1985. Sai dai kakaki ɗan jam'iyya ne, in wajensu aka koma, takardar ƙorafi takan kwana a aljihu. Shi ya sa a 2020 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce a riƙa yanke hukunci cikin wata uku.

Kotu kuwa tana cin kuɗi da lokaci. A Najeriya, Ifedayo Abegunde, ɗan Majalisar Wakilai daga jihar Ondo, ya bar jam'iyyar Labour a 2011, Kotun Ƙoli ba ta raba gardama ba sai 2015, wa'adinsa na gab da ƙarewa. Wannan jinkiri yana ƙona mini rai, domin masu zaɓe aka zalunta. Amma hukuncin ya ɗore: ya fayyace cewa rabuwar jam'iyya da sashe na 68 na Kundin Tsarin Mulki ke nufi, wadda ke ba ɗan majalisa damar sauya sheƙa ba tare da rasa kujerarsa ba, sai ta taɓa uwar jam'iyya ta ƙasa.

Majalisar da kakakinta ke da tarihin adalci, kuma doka ta ɗaure shi da wa'adi, hanyar kakaki ta ishe ta. Inda rinjaye ya yi kankankan, kowace kujera na iya juya shugabanci, kotu ta fi dacewa.